Tallafin Matasa a Hannun Mai Furfura

Daren Alhamis, Tasawa

Har yanzu raina tafasa yake. Ni da Bello ɗan makiyaya muka raba faɗan manoma da makiyaya a burtalin Baudeta bara, har na sha sanda a kafaɗa. Yau aka kira mu taron ba da tallafi ga matasa masu sulhu, aka zaunar da mu can baya. Wa ya miƙe ya karɓa? Alhaji Sani, mai jikoki! Da na ɗaga hannu sai ya ce, "Zauna, yaro, mun san wahalarku."

A hanya Bello ya ce, "Idi, ni na gama." Na kasa ba shi haƙuri.

Jibi shanu za su sauko, hatsi kuwa yana gona. Ni kaɗai zan tsaya tsakaninsu.