Farar Rigar Injiniya

Litinin, 3 ga Maris
Takarda ta iso daga tashar lantarki. Ranar sha huɗu ga wata za a kashe injin kwal na ƙarshe, tunda filin sola ya ɗauke nauyin garin. Suna so in halarta, ni da na shekara talatin ina auna hayaƙin bututunsu, ina rubuta musu cewa yana ɗumama duniya. Mijina, Injiniya, wanda ya yi ta hura wutar nan har ya yi furfura, wata biyar ke nan da rasuwarsa.

Alhamis, 6 ga Maris
'Yata Auta ta zo da hular aikinta a hannu, don a filin solar take aiki. "Mama, nasararki ce fa! Kashi bakwai cikin goma na hayaƙin ya riga ya tafi." Na shaida mata na iya lissafi tun ba a haife ta ba. Ba zan je ba. Littattafan awon da take roƙo kuma nawa ne.

Talata, 11 ga Maris
Kullum da safe ta tagar kicin nake duban bututun. A da, muddin hayaƙi na tashi, na san Injiniya yana bakin aiki lafiya. Har yau ban daina dubawa ba. Yakan ce, "Malama, ki riƙa aunawa da tausayi, abincinmu ne ke fita ta can."

Juma'a, 14 ga Maris
Ƙarfe goma da kwata hayaƙin ya tsaya. Fitilar falo ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Asabar, 15 ga Maris
Ni ce da gaskiya. Ban taɓa shakka ba. To, wa zan gaya wa?

Laraba, 19 ga Maris
A ƙasan akwati na tarar da farar rigar da Injiniya ya ɗinka bai taɓa sawa ba, wai baƙin hayaƙi zai ɓata ta a igiyar shanya. Yakan ce, "Sai ranar da kika kayar da ni, Malama."

Juma'a, 21 ga Maris
Na wanke ta, na shanya tun safe. Da la'asar na sa tabarau na bi ta daga wuya har ƙasa, ina neman ɗigon baƙi ko ɗaya. Babu. Fara ƙal.

Na kira Auta ta zo ta ɗauki littattafan. Na ce ta taho da kayan kwana biyu. Igiyar shanyar ce ta yi mini tsayi, ba wani abu ba.