Sa'adiya da ragar biro

Daren Talata, Wad Madani

Ɗalibata Sa'adiya ta ƙona mini rai yau. Mun daɗe muna lissafin zaftarewar gaɓar kogi a Mai Wurno. Da muka raba ƙasar gida-gida kamar raga a kwamfuta, ƙasar tana motsawa sai ragar ta cukurkuɗe. Muka koma ɗige-ɗige zalla, kowane ɗigo da maƙwabtansa, tsagewar gaɓar ta fito sarai.

Gobe za ta kare aikinta a gaban masu jarrabawa. Da la'asar ta kawo hotunan lissafin da muka buga, ashe ta bi ta haɗa ɗige-ɗigen da biro!

"Ustaz, Duktur mai jarrabawa zai ce ina ragar, ya kayar da ni."

Na ce, "Ɗiyata, rashin ragar ai shi ne aikin naki!"

Na sake bugo mata hotunan. Biron nata kuwa yana aljihuna, sai bayan jarrabawa.