Marsandin da Raƙumi Ya Ja

Zuwa ga Malam Nuhu, mai filin shawarwari.

Assalamu alaikum. Malam, don girman Allah ka taimake ni da shawara, domin abin da ke cina na kasa faɗa wa kowa a garinmu, har liman kuwa. Na ɓoye sunana, ko da yake ɓoyon banza ne, duk mutumin da ke tsakanin Bodinga da Shagari yana karanta layi biyu zai gane ni. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ni mutumin Lambara ne, manomin albasa ɗan manomin albasa. Da aka dawo mulkin farar hula Allah ya buɗa mini, na shiga kwangilar ginin azuzuwa da rijiyoyi, na sauke farali, na dawo na sayi Marsandi a Kano hannun wani Kwara ɗan Labanan. Ko a lokacin ba sabuwa ba ce, amma in an wanke ta sai ka ga fuskarka a jikinta. Tun ranar da na shigo da ita gari sunana na yanka ya ɓace. Yaro da babba, Alhaji Mai Marsandi suke ce mini, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, sunan yana yi mini daɗi.

Sannu a hankali ta zama motar amare. Duk wanda zai aurar da ɗiya, daga Sifawa har Dandin Mahe, sai ya aiko mini da goro, ni kuma in aika da mota, ban taɓa karɓar ko kuɗin mai ba. Har ta kai mata in suna faɗa, wata ta yi wa wata gorin cewa ita a Marsandi aka kai ta.

Sai zamani ya juya. Aka shiga tsuke bakin aljihu, sojoji suka karɓi mulki, kwangila ta ƙafe ƙaf. Na sallami direba na koma tuƙi da kaina. Ita kuma motar tsufa ya kama ta, ba laifinta ba ne, ta yi tafiyar da lambobin da ke ƙirga tafiyarta suka cika suka koma sifiri, kamar yau aka ƙera ta. Baƙin mai take sha kamar fura, hayaƙi kuwa sai ka ce ana toya tukwane. Kayan gyara sai Kano, a Kanon ma sai an sha yawo. Sani bakanikena na Bodinga ya ɗaure duk abin da zai ɗauru da waya da roba, har benci gare ni na musamman a garejinsa saboda yawan zama.

Na koma fadamar da mahaifina ya bar mini, ita ke ciyar da gida, ita ke ciyar da mota. Don in huta da kuɗin haya, sai na riƙa loda buhunan albasa a but da kujerar baya, in lulluɓe da bargo, in bi ta bayan gari in kai kasuwar Bodinga. A tunanina ba wanda ya sani.

Bazarar da ta wuce aminina na Bodinga ya aurar da ɗiyarsa Zulai zuwa Lambara. Na wanke mota, na turara kujeru da turaren wuta har sau biyu. Mun baro Bodinga bayan la'asar, rana ta gasa kujerun nan, sai warin ya taso. Gwaggon amarya, wata tsohuwa Kulu wadda bakinta ba shi da linzami, ta ja hanci ta ce, "Alhaji, wai motag ga amare taka ɗauka ko albasa?" Matan suka toshe baki da mayafi. Ban gama haɗiye wannan ba sai tururi ya taso daga lagireto, mota ta yi tari ta mutu, ga garinmu muna hangowa. Motar 'yan rakiya ta riga ta wuce gaba. Kulu ta rantse ba a sauke amarya a hanya, kuma ɗiyarsu ba za ta shiga gidan miji da ƙafa ba. Muna cikin haka sai ga wani mai raƙumi ya dawo daga kasuwa.

Malam, ka dai fahimci sauran. Igiya aka ɗaura. Raƙumi na gaba yana taƙama, ni ina riƙe da sitiyari, Kulu na rangaɗa guɗa ta taga, haka muka shiga Lambara, dattawa na zaune ƙofar masallaci suna jiran magariba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A rayuwata ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Tun daga nan na daina zama majalisa, sahun baya nake salla in sulale. Ba wanda ya ce mini uffan, kuma shirun ya fi zagi ciwo. Goron biki ma ya daina zuwa. Mota tana nan ƙarƙashin darbejiya kaji na kwana a ƙarƙashinta. Sani ya ce injin ya buga, sai dai a sayo wani daga Kano, kuma ba ni da abin da zai saye shi in ba fadamar nan ba. Akwai maƙwabcin da ya daɗe yana zawarcin fadamar. A ɗaya gefen kuma wani mai sayen tsofaffin motoci daga Sakkwato ya taya Marsandin yadda take, abin da zai ishe ni in sayi a-kori-kura ta hannu.

Ga inda gizo ke saƙar. Bayan kaka za a kai ɗiyata Atika ɗakinta a Dandin Mahe. Dangin ango sun ce kada in damu, za su aro mota daga Sakkwato. Da maganar ta kai kunnenta, yarinyar da ba ta iya haɗa ido da ni ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, ni dai motakka nika shiga, ba ta wani ba." Malam, yaya zan kai 'ya'yan mutane ɗakunansu in kasa kai tawa? Kuma in na sayar da motar, Mai me za a riƙa ce mini? Shin in sayar da fadama in tashi Marsandi, ko in haƙura da ita?

Naka cikin damuwa,
Mai Jin Kunya, Lambara.

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Na karanta wasiƙarka, na yi dariya a wajen raƙumi, ka yafe mini, sannan na tausaya maka ƙwarai.

Ban ga laifinka ba don kana son motar nan. Tsohon doki sai mai shi, kuma ba fankama kaɗai ka yi da ita ba, ka fitar da iyaye da yawa kunya ba tare da ka karɓi ko kwabo ba. Wannan alheri ne, yana nan a rubuce, injin da ya buga bai goge shi ba.

Amma kada ka sayar da fadama. Mota ci take yi, fadama ciyarwa take yi. In ka sa mata wani injin bana, baɗi giya ce za ta nemi nata haƙƙin, sannan birki, a lokacin da kayan gyara ke ƙara wuya, kuma ba ka da wata fadamar da za ka sake sayarwa. Ƙasar nan mahaifinka ya bar maka, akwai masu jiran ka bar musu. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ka sayar da motar tun damina ba ta cinye ƙarfenta ba, amma kada ka sallama wa mai tayin farko, ka nemi na biyu. In za ka sayi a-kori-kura, ka tafi da Sani ya duba ta ciki da bai.

Batun albasa kuwa, Alhaji, Marsandi ba ta ɓuya a bayan gari, ko da bargo. Sun daɗe da sani. Shirun da suka yi maka kara ce, ba raini ba, kuma ina kyautata zaton goron ma don kada su ɗora maka nauyi suka daina aikowa. Warin albasa warin halal ne, ita kanta Gwaggo Kulu ba ta miya sai da ita. Ka koma majalisa, ka riga kowa ba da labarin raƙumin da bakinka, ku yi dariya tare, za ka ga maganar ta mutu a wurin.

Suna kuma ka kwantar da hankalinka, mu Hausawa ba mu karɓe laƙabi in mun bayar. A unguwarmu akwai tsohon da ake kira Mai Keke, rabonsa da keke tun ina yaro. Ko jaki ka hau, Alhaji Mai Marsandi za a ce ya wuce.

Saura Atika. Ka sake karanta abin da ka rubuto mini da hannunka. Yarinyar nan ba ta ce Marsandi ba, "motakka" ta ce. Ta ga raƙumin kamar yadda kowa ya gani, ta ga ubanta ya koma sahun baya, shi ya sa ta cije ta zo ta gaya maka ita ba ta jin kunyarka. Kai ne ka ji Marsandi, domin ita ce a ranka. Ka kira ta gaban mahaifiyarta ka faɗa mata gaskiyar halin da ake ciki, ka tambaye ta ko tana son a sayar da fadamar kakanta don tafiyar yini guda. Ina jin ka riga ka san amsarta.

Ranar biki a wanke a-kori-kura tas, kayan ɗaki a baya, amarya da gwaggonta a gaba, kai kuma a kan sitiyari da babbar rigarka. Allah ya sa wa fadama albarka, ya yaye maka wannan damuwa, ya kai Atika ɗakinta lafiya a cikin motar ubanta.

Malam Nuhu