Gwangwani Bakwai da Baba Ya Bari

Pine Bluff, 6 ga Afrilu, 1983

Zuwa ga Yayata Vernell,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar taki? Yaya yara da jikoki, da sanyin Detroit da ba ya jin magana? Mu nan lafiya lau. Matata Mozelle tana gaishe ki, ta ce in faɗa miki har yanzu mijinta bai koyi saurare ba.

Yaya, zauna kafin ki karanta sauran. Ran Talata wata yarinya ta zo gidan jana'izata daga Chicago, sunanta Renita Gaskins. Na ɗauka rasuwa aka yi musu, har na gyara murya. Ashe shirin tarihi take haɗawa a kan baƙaƙen fata da suka fara yin fim tun ba a sa masa magana, kuma ta tsinci sunan Baba a tallar wata tsohuwar jarida. Hosea Tillery! Mutumin da ya riƙa yawo coci-coci da majigi da zanen gado, ya bar mu muna cin gurasar masara ba ko mai, wai shi ne yanzu abin nema.

Ta tambaya ko wani abu nasa ya saura. Na ce mata yarinya, kin zo gidan mai adana. Gwangwanayen fina-finansa bakwai suna hannuna, har da fim ɗin da Mama ta fito a ciki shekara guda kafin ta rasu. Yarinyar nan sai ta zauna a kan kujerar masu makoki ta kama kuka.

Kin tuna farfesan jami'ar nan, bature, da ya zo shekara goma sha biyu da suka wuce wai zai ajiye mana su? Kin ce in ba shi. Na ƙi. Turawa sun karɓi gonar kakanmu, ba zan miƙa musu uwarmu a gwangwani ba. Ni da na fara da wankin motar gawa ina ɗan shekara goma sha huɗu, yau sunana ne a kan ƙofa, wani zai koya mini ajiya? Ran da muka binne Baba na toshe bakin kowane gwangwani da kaki, na jera su a akwatin ƙarfe irin wanda ake binne masu hali a ciki, na liƙe shi, na haura da shi saman gareji. Shekara ashirin da biyar ko iska ba ta shiga ba.

Za a buɗe ran ashirin ga wata a gaban kyamarar Renita, daga nan su wanke a nuna mana. Kin sha ce mini fuskar Mama ta fara ɓace miki. Ni kuwa ina da shekara uku ta tafi, ba hoto ba komai. Ki shirya jakarki, da zarar an sa rana zan aiko a ɗauko ki. Za mu zauna a layin gaba, ni da ke.

Ƙanenki,
Cleophus

Pine Bluff, 22 ga Afrilu

Yaya Vernell,

Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya. Ki kwance jakar.

Sau uku ina fara takardar nan ina yagawa. Shekaranjiya na sa kwat ɗina baƙa ta manyan jana'izai. Fasto ya zo, mutanen coci suka cika tsakar gida, Mozelle ta soya tarwaɗa kamar ana biki. Da Renita ta ga inda akwatin yake, ƙarƙashin rufin kwano, ta tambaye ni ko nan ya yi duk bazarar shekarun nan. Na ce ƙwarai. Ta ga kakin, sai ta zuba masa ido. Na ɗauka burge ta na yi.

Da na ɓalle gwangwani na farko wari ya buge mu. Kin san sana'ata, babu warin da ban sani ba, amma wannan sai da na ja baya. Abin da ke ciki ya narke ya dunƙule kamar zumar da ta ƙone. Na biyu haka. Na uku gari ne ja, kamar tsatsa. Na riƙa buɗewa ina cewa na gaba zai yi kyau, kyamara tana kallona, har bakwai.

Renita ta yi mini bayani a hankali, irin yadda nake yi wa matan da aka yi wa rasuwa. Wai fim ɗin wancan zamanin yana fitar da wani tururi, in an toshe shi sai ya ci kansa, zafi kuma ya ƙara masa gudu. Sanyi yake so da ɗan numfashi. Yaya, kin tuna Baba yana ajiye su a ƙarƙashin daɓen gida, duk canjin yanayi ya fito da su ya buɗe, ya ce bari yaransa su sha iska? Na yi ta masa dariya. Na ce tsoho ya rikice. Ni da na gama sakandare da kyar na ɗauka na fi shi sanin abin da ya yi da hannunsa. Na yi musu abin da na iya, na shirya su kamar gawa, suka kuwa zama gawa.

Na tambaye ta, da na ba farfesan fa? Ta kau da kai. Na matsa. Ta ce watakila da an ceci rabi.

'Yan kwana-kwana suka zo suka kwashe, wai abin yana iya kamawa da wuta shi kaɗai. Mutane suka watse ba wanda ya taɓa kifin. Mozelle, wadda shekara talatin ba ta bar mini kuskure ya wuce ba, ta kwashe kifinta ta shige gida. Da ma ta zage ni.

Na sa Mama ta mutu karo na biyu, Yaya. Ki ce wani abu.

Cleophus

Pine Bluff, 30 ga Mayu

Yayata,

Ina gaisuwa. Ɗiyarki ta ce mini a waya kina lafiya, kina ci kina sha, ba ki dai son zuwa kan wayar. Ban ga laifinki ba.

Kafin a kwashe kayan, Renita ta yanko wani guntu daga gwangwani na biyar, bai fi kamu uku ba. Ta kai an wanke, jiya ta dawo da shi. Muka kafa zanen gado a ɗakin addu'a na gidan jana'iza, ni da ita da Mozelle.

Mace ce a tsaye bakin wata ƙofa, ta ba mu baya. Farar riga, gashi a naɗe sama, hannu ɗaya a kan ƙyaure. Wuyanta dogo irin naki. Kamar wani ya kira ta, sai kafaɗarta ta motsa, ta fara juyowa. Na ga kunne, na ga gefen kumatu. Shi ke nan, zane ya yi fari. Ko numfashi biyu ba a yi ba.

Na sa ta maimaita sau goma sha ɗaya. Ni da nake gaya wa mutane kullum su haƙura su bar mamaci ya tafi, na tsaya ina ce wa zanen gado juyo mana, Mama, juyo. Daga ƙarshe yarinyar ta ce Kawu, in muka ci gaba shi ma zai tsinke.

Ta ce in ina so za ta cire wurin da nake buɗe gwangwanayen daga shirinta, don mutuncina. Na ce ta bari. In akwai wani mai taurin kai da ke zaune a kan irin wannan kaya, ya gan ni. Sunan Baba zai fito, amma ba wanda zai san ko ya iya ko bai iya ba. Maganar wasu kawai za a ji, da fuskata.

Yanzu a duniyar nan ke kaɗai kika ga inda juyowar nan ta ƙare. Ban ce ki yafe mini ba, ban kai nan ba. Abu ɗaya nake roƙo, ni da ban taɓa roƙon kowa ba. Ki ɗauki alƙalami ki rubuto mini abin da ya saura miki. Idonta manya ne ko ƙanana? Tana da wushirya? In ta yi dariya, ta wane gefe bakin yake fara tafiya? Ko kaɗan ne, ko ba ki tabbata ba, ki rubuto. Kada ki rufe shi a ranki ki ajiye, Yaya. Na gwada.

Ubangiji ya tsare ki.

Ƙanenki,
Cleophus Tillery