Baƙin Kaskon Mama

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin koma lafiya, kuma aiki bai yi miki yawa ba. Yaya ciwon bayan nan da keken ɗinki yake sa ki? Yaya abokan ɗakinki? Allah ya ƙara mana haƙuri, ya ji ƙan Mama.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Kin san halina, in aka kira ni a waya bakina mutuwa yake yi, sai in yi ta cewa lafiya lau har ki gaji ki kashe. Jiya ma da kika tambaye ni jikin Baba, lafiya lau na ce miki. Yaya, ba lafiya lau ba ne. Shi ya sa na yago takarda daga tsohon littafin makarantata, zan ba direban nan na ƙasan benenmu ya kawo miki.

Baba ba ya cin abinci. Tun da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, shayi kawai yake kurɓa, shi ma sai ya bar rabi ya huce. Bai koma shagon nama ba. Abokin aikinsa Dogo ya kawo masa wuƙaƙensa a naɗe cikin tsumma, wai ko ganinsu zai sa ya yi marmarin aiki. Suna nan a kan firij, ko kwance su bai yi ba. Yini yake a kujerar bakin taga yana kallon igiyar shanya. Shekaranjiya na gan shi yana huda wa bel ɗinsa sabon rami da ƙusa. Ya ɗauka ban gani ba, ni ma na yi kamar ban gani ba.

Gwaggo tana zuwa kusan kullum da kwanon romon nama, tana haki saboda matakala. Wai ita ba ta taɓa jin inda mahauci yake gudun nama ba sai a kan ƙanenta. Ko ta manta ne, ko dama ba ta sani ba, Baba ai bai taɓa cin nama a gida ba. Mutumin da ya yini cikin jini da kitse, Mama takan ce warin har cikin barci yake bin sa. Da Gwaggo ta buɗe kwanon sai ya tashi ya shige ɗaki. Daga nan faɗan ya dawo kaina. Ta ce da ni Shiru-shiru uwar kallo, wai na zauna na zuba ido ubana yana narkewa kamar sabulu a ruwa. Ta ce in aka ci gaba a haka asibiti za ta kai shi a ɗaura masa ruwa, ko yana so ko ba ya so.

Yaya, ba na son a sake kai wani namu can. Da ƙafarta Mama ta shiga.

Na gwada shinkafa, na gwada dankali, na gwada ƙwai. Yakan ce Allah ya yi mini albarka, ya rufe, ya ture gefe. Sai na tuna taliyar nan ta sufageti mai cuku da Mama take soya masa in ya dawo a gajiye. Kin tuna? Kafin ya gama wanka ta sauke. Ba nama, ba kifi, amma har kaskon yake leƙawa ko da saura. Ina ganin in da abin da zai wuce maƙogwaronsa, to ita ce.

Sai dai ban iya ba. Ke ce mai tsayawa kusa da murhu. Ni aikina goga cuku ne, da satar na bakin magogi in Mama ta juya baya. Don Allah ki rubuto mini yadda ake yi, daki-daki, kamar kina koya wa yarinya ƙarama. Kada ki kira ki faɗa mini, zan rikice.

Ki gaida kowa. Ki riƙa sa matashi a bayanki.

Ƙanwarki,
Auta


Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma yi miki ya gajiya. Ina fatan murar da kika ce ta kama ki ta sake ki. Direba ya kawo mini amsarki, da cukun da kika saka a leda. Na gode ƙwarai. Na karanta har na haddace.

Yaya, na yi ɓarna. Ban san ta inda zan fara ba, bari in bi yadda abin ya faru.

Kin ce in ɗauko baƙin kaskon ƙarfen Mama, kada in yi da na zamani mai sauƙin nan. Na ciro shi daga ƙasan kabad. Tun da ta kwanta ba wanda ya taɓa shi. Da na kawo shi gaban haske sai na ga ya yi baƙi ƙirin, ga wani maiƙo-maiƙo a ciki. Na ce a raina, mutumin da ƙyanƙyami ya hana cin abinci, ina zan ba shi abin da ya fito daga wannan? Sai na jiƙa shi da ruwan zafi da sabulu, na samo soson ƙarfe na durƙusa. Tun safe nake dirza har rana ta take. Yatsuna biyu sun fashe. Amma ya fita fes, har yana ƙyalli. Wallahi Yaya daɗi na ji. Na ce yau na yi abin kirki.

Sauran duk yadda kika rubuta na yi. Na dafa taliyar ban bari ta yi luguf ba, na tsane ta a kwando. Na zuba mai, na sa tafarnuwa da albasa har ƙamshi ya tashi. Na juye taliyar, na barbaɗa cuku da masoro, na danna da bayan cokali. Kin ce in bar ta ta yi ƙanzo a ƙasa kafin in kife ta a faranti. Ban kai nan ba. Cukun ya kama kaskon kamar an liƙa da gam. Ina ƙoƙarin ɓamɓarowa tana tsinkewa, ƙasa yana ƙonewa, sama bai ko narke ba. Hayaƙi ya cika kicin har ya fita falo.

Hayaƙin ne ya taso Baba. Rabonsa da shiga kicin tun Mama tana nan. Na zaci faɗan ƙonuwar zai yi, har na sunkuyar da kai. Bai ko kalli taliyar ba. Gefen kaskon ya tsaya kallo, wurin da yake ƙyalli. Ya kashe wutar, ya tambaye ni a hankali wa ya wanke shi. Sai na ɓoye hannuwana a baya. Ya kamo su ya duba yatsun. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce ba datti ba ne, Auta, tun kafin a haifi yayarki uwarki take tara baƙin nan, shi yake hana abinci kamawa. Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya koma ɗaki ya tura ƙofa. Ranar ko shayin bai sha ba.

Sai a lokacin abubuwa suka riƙa dawo mini. Ashe ban taɓa ganin kaskon nan cikin kayan wanke-wanke ba. Da tsumma Mama take goge shi tun yana da zafi, ta shafa masa ɗigon mai ta ajiye. Har na tuna ranar da Gwaggo ta ɗauke shi za ta taya ta wankewa, Mama ta fizge tana dariya, ta ce a taɓa mata komai a gidan ban da wannan. Ina wurin, ina goga cuku. Na ji da kunnena, ban tambayi dalili ba. Ni kullum haka nake, ba na tambaya.

Kayanta an raba, turarenta ya bar ɗakin. Abu ɗaya da ya rage yadda hannunta ya bar shi, ni na sa soso na kankare.

Ba laifinki ba ne da ba ki rubuta ba, kin ɗauka kowa a gidan ya sani. Na kankare ƙonuwar na kife shi, da safe na tarar ya yi ja da tsatsa. Na tura shi can bayan bokiti a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, don kada Baba ya gani.

Gwaggo ta ce ranar da ɗanta zai samu aron mota za su zo su tafi da Baba asibiti. Jiya da ya miƙe daga kujera sai da ya dafa bango.

Ki yi mana addu'a. Ki yafe mini, kaskon naki ne ke ma.

Ƙanwarki,
Auta


Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kina cin abinci ke ma, don a hoton da kika turo wa Gwaggo wuyanki ya yi tsawo. Na ga saƙonki cewa in daina kuka. Ina ƙoƙari.

Ki zauna ki karanta wannan, kada ki karanta a tsaye a bakin keke.

Ranar da Gwaggo ta ce za su zo, na tashi da wuri in haɗa wa Baba kayan asibiti. Sai na ji ƙarar ƙarfe a kicin. Na leƙa, na gan shi zaune a kan kujerar tsugunon Mama, ya kwance tsumman wuƙaƙensa. Ashe damshi ya shiga, babbar wuƙar ta fara tsatsa a baki. Kin san Baba da tsatsa, ko a wuƙar maƙwabta ya gani sai ya karɓa ya gyara. Garin neman tsumma a ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya ci karo da kaskon.

Na juya zan gudu ya kira ni. Ya ce in miƙo masa gishiri da mai. Ya zuba a kaskon, ya dunƙule tsumma ya shiga murzawa. Yakan tsaya ya huta, amma bai ba ni ba. Da jan tsatsar ya fita sai ya ɗora shi a wuta ba komai a ciki, ya shafa mai kaɗan, ya bari ya yi hayaƙi, ya goge, ya sake shafawa. Haka ya yi ta yi har ƙarfen ya fara sauya launi.

Yana yi yana magana, ba ni yake kallo ba, kaskon yake kallo. Wai shi ya sayo shi suna sabon aure, fari tas kamar yadda na mai da shi. Wai Mama a lokacin ko ruwan zafi sai ta ƙona. Taliyarta ta farko da wuƙar aikinsa suka ɓamɓaro ta, ya ci yana yabawa, ita kuma tana hararar sa tana cewa maƙaryacin banza. Yaya, Mamarmu fa! Har ya yi wata 'yar dariya, sai dariyar ta juye ta zama wani abu, ya sa gefen hannu ya share fuska. Ni ma na juya na kama goga cuku ba wanda ya sa ni.

Ya ce tunda na goga ai sai a dafa. Na dafa taliyar, na tsane, na soya tafarnuwa da albasa, na juye, na sa cukun da ya rage cikin wanda kika aiko. Da ta fara ƙara sai tsoro ya kama ni, na kai cokali zan juya. Ya riƙe mini wuyan hannu. Ya ce in bar ta, wai Mama ba ta taɓa ta sai ta ji ƙamshin ya sauya. Muka tsaya muna jira, shi ya jingina da ƙofa. Can sai ƙamshin ya sauya kuwa. Ƙamshin gidanmu ne na da, lokacin da ruwan wankan Baba yake zuba, ke kina jera faranti.

Da na kife ta rabi ya fito da ƙanzonsa ja, rabi ya maƙale. Ya ja farantin gabansa. Ya ɗebo kaɗan ya sa a baki, ya daɗe yana taunawa. Ya ce ba irin ta Mama ba ce, kuma gishiri ya yi yawa. Sannan ya sake ɗebowa. Bai cinye ba, amma ya ci fiye da duk abin da na ga ya ci tun rasuwar.

Abin da ya karya mini zuciya shi ne ƙanzon da ya maƙale. Ya kankaro shi da cokali ya tara a gefen kaskon, daidai wurin mariƙi, ya tura kaskon gefen hagunsa. Kin san nan Mama take tsayawa, ƙanzon kuma nata ne, a tsaye take cin sa cikin kasko. Sai da ya tura ya tuna. Muka yi ta kallon sa yana hucewa. Daga baya ya jawo shi ya ajiye a gabana, ya ce wanda ya dafa shi yake ci. Na ci, Yaya.

Gwaggo ta iso tana haki, ta tarar da shi yana shan shayi, ga faranti a gabansa. Ta leƙa ta taɓe baki, wai ita romonta na nama guda aka raina saboda wannan tsirarar taliya da ko ƙashi babu. Amma ta sallami motar. Kafin ta tafi ta ɗanɗana, ta ce Shiru-shiru ashe ana shiru ana aiki.

Ban ce miki ya warke ba. Har yanzu yana zaman bakin taga, kuma bai ce ga ranar komawa shago ba. Sai dai ya ce baƙin ba zai dawo ba sai ana soya abu a kaskon kullum, abin da aka soya kuma ba za a zubar ba. Saboda haka kullum da yamma ina soyawa, shi kuma yana ci. Shi yake goge shi da kansa tun yana da zafi, ya shafa mai ya ajiye.

In kin zo hutu ki taho da cuku. Za ki tarar da kaskon ruwan ƙasa-ƙasa, bai kai na Mama ba, Baba ya ce sai na kai shekarunta. Don Allah ko kin ga kamar ya yi datti, kada ki sa masa sabulu.

Baba yana gaishe ki. Ya ce ki daina aikin dare.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta