Zoben Baba a Ƙarfen Gado

Maigida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka yi haƙuri da na dame ka da takarda, alhali na san abin da ke kanka a wurin aikin nan ya ishe ka. Na gwada waya har na gaji, magana ɗaya sai ta tsinke gida uku. Da na ji direban da ke kai muku kayan abinci yana da izinin wucewa, sai na ce bari in rubuta. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikin da aka rufe ku tare saboda annobar nan. Yaya ciwon ƙafar? Yara suna can wurin yayata har yanzu, lafiyarsu ƙalau.

An sallamo Baba daga asibiti, alhamdu lillahi, sun ce cutar ta bar jikinsa. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, mahaifinka ya rame, jinsa ya ragu, wuni yake yi kwance yana kallon bango. Abinci loma biyu ya ture. Nas ɗin da ke zagayowa ta faɗa min gaskiya: in bai tashi ya riƙa takawa ba, ƙirjin zai sake cika, dole su mayar da shi. Ka san a ɗakin asibitin nan amininsa mai gyaran agogo ya cika, gadonsu na kallon juna. Baba ya ce ranar da za a mayar da shi can, a haɗa masa da likkafani. Na lallaba, na kawo sanda, na kawo nasiha, ko gezau.

Akwai kuma maganar maƙwabcinmu mai aski. Tun da aka rufe shaguna ya kwaso sifikar shagonsa ya kawo ɗaki, kuma ɗakin nan bango ɗaya ne da na Baba. Da hantsi sai ya saki kiɗa, har kofin da ke kan tebur yana rawa. Matarsa ta ce da shi yake shara da motsa jiki, in ba haka ba sai ya wuni a zube kamar buhu. Ka san ni da kiɗa, tun muna makarantar allo aka raba mu. Amma ba don kaina na yi magana ba. Na lura duk lokacin da aka kunna, Baba sai ya kama buga zobensa a ƙarfen gado. In na shiga na tambaye shi ko yana son wani abu, sai ya daina, ya juya kai. Na ce bawan Allahn nan ƙarar ta dame shi, kawaici ne ya hana shi faɗa.

Na sa takunkumi na tsaya daga bakin taga na roƙi mai askin. Yaron kirki ne, ya ba da haƙuri har na ji kunya, ya kashe nan take. Yanzu gidan tsit. Ka taya mu da addu'a.

Matarka,
wadda kake tsokana da Malama

*

Maigida,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na ga amsarka, na ji daɗi da ƙafa ta yi sauƙi. Ka daina sa takalmin nan mai matsi.

Ka ce in ci gaba da haƙuri da Baba. Haƙuri kam ina yi, sai dai ashe gyaran da na yi ɓarna ce. Tun da gidan ya yi shiru, loma biyun ma ta gagara. Nas ta zo ta ɗora abin aunonta a ƙirjinsa, na ga fuskarta ta sauya. Ta ce za ta ƙara zagayowa sau ɗaya, in ta same shi a haka za ta kira motar asibiti.

Ina goge masa gado ne na ga fentin ƙarfen ya ɓare daidai inda zoben ke sauka. Sai na zauna ina tunani. Mai kira ai bugu biyu yake yi ya saurara. Shi kuwa Baba jerawa yake yi, ba ya ɗaga hannu sai na shigo. Kuma a kwanakin kiɗan ne yake shanye shayinsa. Sai na tuna ka taɓa ba ni labari cewa lokacin da yake jan babbar mota, sitiyari ne gangarsa, har fatar ta suɗe. Kai ka san wannan, me ya hana ka tuna min? Ashe bin kiɗan yake yi. Kunnen ba ya kawo masa, amma bango na kawo wa gado, gado na kawo wa jikinsa. Yana ganina sai ya daina, don yana jin nauyin surukarsa mai carbi. Ni ina tausayinsa, shi yana kunyata, muka taru muka kashe abin da ke tashe shi.

Na yi sallar walaha na daɗe a zaune. Ban san hukuncin kiɗa a irin wannan hali ba, kuma ba zan yi wa Allah ƙarya in ce na sani ba. Na san malamai sun yi saɓani, na kuma san mutum yana ƙarewa a gabana. Na sake sa takunkumi na koma tagar da na tsaya rannan. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Matar mai aski ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wai Malama ce yau ke neman a ƙara murya, lallai annoba ba ta bar kowa yadda ta same shi ba.

Da aka kunna, sai na ƙi shiga ɗakin, na tsaya a bayan labule. Zobe ya fara. Can sai ƙafa. Kafin a kashe, Baba ya tashi zaune da kansa, ya ce ina shayin nan. Yanzu kullum yana zama a bakin gado, ƙafafunsa a ƙasa. Tsayuwa ce dai bai yi ba tukuna. Nas ta ce an samu ci gaba, amma zama ba tafiya ba ne, ta ƙara mana ɗan lokaci.

Ka gaishe da mutanen wurinku.

Matarka

*

Maigida,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ka gafarce ni da jinkiri, abubuwa ne suka taru.

Cutar ta kama mai aski. Mota ta zo ta tafi da shi, matarsa kuma aka ce ta kulle kanta, kada ta fito. Ban ga fuskar da zan ce wa mace ta kunna kiɗa mijinta na kwance a asibiti ba. Na gwada rediyon waya, na kanga wa Baba a kunne, ya ce kamar sauro a gwangwani. Washegari ya koma kallon bango, ga ranar zuwan nas ta matso.

Abin da na yi, kada ka gaya wa yayata. Na ɗauko jarkar ruwan nan babba da babu kome a ciki, na sa kujera na zauna a bakin ƙofar ɗakinsa, na yi bismilla, ban ma sani ba ko wurin yin ta ne, na kama bugawa. Ni da ko tafi ban iya ba. Na daɗe ina yi, hannuna ya yi ja. Baba ya juyo ya dube ni. Ya ce in bari. Na yi kamar ban ji ba, ka san yanzu ba shi kaɗai ke da ikon rashin ji a gidan nan ba. Ya ce wannan kiɗan ko akuya ba za ta taka shi ba, dama daban, hagu daban, kamar ana fasa ƙofa. Na ce to iyakar iyawata ke nan. Ya ce in miƙo masa. Na ce nas ta hana in riƙa matsowa kusa da shi ba dalili, wanda kuwa gaskiya ne ta faɗa.

Maigida, sai ga mahaifinka ya dafa ƙarfen gado ya miƙe. Ya bi bango, yana haki yana faɗa, har ya iso inda nake. Ya karɓe jarkar, ya zauna a kujerata, ya nuna min yadda ake yi: tafin hannu a tsakiya, yatsu a gefe. Na juya baya don kada ya ga idona.

Tun daga ranar, kullum da hantsi sai in fara bugun nan nawa marar kai, shi kuma ya taso ya ƙwace. Kullum kuma ina ɗan ja da kujerar baya. Yanzu mun wuce ƙofar kicin. Ya ce ya gane wayona sarai, amma ba zai kwanta ana wulaƙanta kiɗa a gidan ɗansa ba. Nas ta zo ta same shi a tsaye yana min gyara. Ta auna ƙirjin, ta ce maganar mota ta wuce.

Shekaranjiya aka dawo da mai aski. Matarsa ta ce ya ƙi ci, ya ƙi magana, sifikar ma ya ce kada a taɓa. Da na gaya wa Baba, sai ya ce yau a mayar da kujera ɗakinsa, a jingina jarka da bango. Ya yi ta bugawa har ya yi gumi. Da ya tsaya shan ruwa, muka ji ana ƙwanƙwaso bangon daga can, a hankali, amma daidai.

Baba ya ce in tambaye ka baiti na biyu na waƙar da yake yi muku in ya dawo daga tafiya, ya ɓace masa tun a asibiti, kuma ya hana ni sakat. In ka tuna ka rubuto shi duka, ni zan karanta masa, karantawa kawai. Direban zai juyo jibi, don Allah ka ba shi amsa kada ya dawo hannu rabbana.

Matarka,
Malama