Wa Kurtu Take Kira Mama?

Wata na biyu da tafiyarki

Zuwa ga Kofur, Maman Kurtu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ga rahoton gida daga hannun mijinki tela.

'Yarmu Kurtu ta cika shekara ɗaya ranar Talata. Haƙoranta huɗu yanzu, kuma duk a yatsana take gwada kaifinsu. Ta fara tsayuwa tana dafa ƙafar keken ɗinki, shi ya sa na kwashe allurai da almakashi na kai saman kabad. In aiki ya sha kaina, matar Saje ta ƙofar kusa da mu ce ke ɗaukarta. Allah ya saka wa baiwar Allahn nan.

Ke kuma kin jawo mini abin dariya. An kira taron matan bariki, wai kowane gida sai ya tura wakili. Na je na zauna, ni kaɗai mai gemu cikin mata arba'in. Kafin a tashi sun ɗora mini ɗinkin labulen ɗakin taro. Kyauta fa!

Tun da babu waya inda aka kai ki, komai zan riƙa rubuto miki. Saura wata goma, kamar gobe ne.

Naki,
Baban Kurtu

Wata na biyar

Baban Kurtu,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya. Wasiƙunka uku sun iso a tare, a ƙarƙashin wata babbar mota na karanta su, duk na ɓata su da baƙin mai. Labule kyauta kuwa maganinka ke nan, bakinka bai iya a'a ba.

Na ji ta fara tafiya. Na ji kun je gidan zoo har biri ya fizge maka hula. Na ji allurar rigakafi, na ji takalmin farko. Amma ka manta aikina gyaran mota. In inji ya yi shiru inda ya kamata ya yi ƙara, na san da matsala. Yarinya 'yar wata goma sha biyar, ba ka taɓa gaya mini kalmar da ta fara faɗa ba. In kunnenta ne, ka kai ta asibitin bariki gobe-goben nan. In wani abu ne daban, ka fito fili.

Aiki ba ya ba ni tsoro. Abin da nake tsoro shi ne in dawo 'yata ba ta san ni ba.

Ka gaishe da matar Saje da kyau.

Taka,
Maman Kurtu

Wata na shida

Maman Kurtu,

Salama da gaisuwa. Kai, auren makanikiya akwai wuya, mutum ba ya ɓoye ko tari.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunnenta garau, bakinta kuwa kamar rediyo. Tun wata biyu da suka wuce ta ce "Mama". Ina zaune ina sa wa rigar wani hafsa maɓalli, matar Saje ta shigo karɓar dutsen guga, sai yarinya ta miƙa mata hannu ta kira ta haka, sau biyu. Matar ta daskare a bakin ƙofa. Ta ce, "Wallahi, Baban Kurtu, ban koya mata ba." Ta fita tana share hawaye, ko dutsen gugar ba ta ɗauka ba.

Na yarda da ita, yaranta Kurtu ta ji suna kiran ta haka. Ni kuma na ɓoye miki ne don na san zai yi miki ciwo, kuma ni ma ya yi mini. Ki yafe mini.

Amma kada ki damu, na san abin yi. Rigar da aka yanka ba daidai ba ma ina gyara ta, balle wannan.

Naki har kullum,
Baban Kurtu

Wata na tara

Ranki ya daɗe Kofur,

Sallama. Wata uku shiru. Na tambaya a ofis, an ce kina lafiya, ke nan fushi ne. Na karɓi hukunci, amma ki saurari rahoto.

Na ciro hotonki na bango, wanda kike cikin kaki da hula, kullum safe da yamma ina nuna mata ina cewa, "Ga Mama." Cikin sati biyu ta haddace. Na ce shi ke nan, tela ya gama aiki.

Ranar Asabar aka yi faretin yaye sababbin sojoji, na ɗinka mata 'yar riga muka je kallo. Ana gamawa ta zame daga hannuna, ta nufi Manjo, wannan mai gashin baki kamar tsintsiya, ta rungume ƙafarsa ta kwarma, "Mama!" Jama'a suka kwashe da dariya, har mai busa begila ya ƙware. Manjo ya sara mata ya ce, "An samu ƙarin girma."

Garin neman gira na rasa ido. Yanzu duk mai kaki Mama ne, tun daga mai gadin ƙofa har mai kawo wasiƙa. Matar Saje kuwa ta daina shigowa, in ta hango mu sai ta sauya hanya. Kurtu takan tsaya a ƙofarta tana bubbugawa da tafin hannu, ba a buɗewa. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai.

Ki ba ni umarni, dabarata ta ƙare.

Naki,
Baban Kurtu

Wata na goma sha biyu

Baban Kurtu,

Salama. Ba da kai nake fushi ba. Sau huɗu ina rubutu ina yagawa, don kishi ne ke riƙe da biron. Yanzu ya sake ni.

Ga umarni. Ka mayar da hoton bango. Ka je ka ce wa matar Saje ta buɗe wa 'yata ƙofa yau ɗin nan. Wadda ta goya ta ina nesa ta ci sunan, ban ƙwace mata ba.

Motarmu za ta iso tasha ranar Laraba da hantsi. Kayan gida zan sa, ba kaki ba. Kada ka ce wa Kurtu komai, ni zan gabatar da kaina, ko zai ɗauke ni shekara. 'Yata ce, kuma ina da lokaci.

Ka zo da matar Saje. In yarinya ta gan ni ta tsorata, ina so ta sami bayan da za ta ɓuya.

Sai na iso.

Taka,
Maman Kurtu